Ƙwayar Gafasa

Malam Sharfaddeen mutumin Gaya ne. A nan aka haife shi a 1965, a nan ya yi allo da firamare, kuma in ban da shekara uku da ya yi a Kano yana koyon gwajin jini, bai taɓa kwana goma a jere a wajen garin ba. Ya kama aiki ranar Litinin, 2 ga Yuli, 1990, a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti da ke bayan kasuwa. Aka ba shi tebur da maikuroskof, na'urar duba ƙananan ƙwayoyi, da wata doguwar kujera marar majingina. An sauya teburin sau biyu, an sauya maikuroskof sau ɗaya. Kujerar tana nan.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. A ɗiga jinin mara lafiya a kan ɗan gilashi, a shafe shi ya yi siriri, a bari ya bushe, a rina shi, a sa shi ƙarƙashin maikuroskof a duba ko da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ciki. Amsar ɗayan biyu ce, akwai ko babu. Da yake Malam ba mai yawan magana ba ne, wasu a Gaya sun shekara ashirin suna zuwa wurinsa ba su taɓa jin wata kalma daga bakinsa ba sai waɗannan biyun da amsa sallama.

Abin da bai faɗa da baki, yakan rubuta. Yana da babban littafi mai baƙin bango, wanda shi da kansa yake ja wa layi da rula, gida tara a kowane shafi: kwanan wata, lamba, gari, shekaru, namiji ko mace, irin rini, ruwan da aka haɗa rinin da shi, haske na lantarki ne ko na taga, sai sakamako. Idan littafi ya cika ya ɗaure shi da zare, ya rubuta shekara a ƙeyarsa, ya jera a kabad.

Ba jinin mutanen Gaya kaɗai yake dubawa ba. Ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye ba su da maikuroskof, sai su shafa jinin a can, su jera gilasan a akwatin katako, mai mashin ya kawo. Akwatin Kademi yana zuwa Litinin. Na Gafasa, daga can ƙasar Ajingi, yana zuwa Talata da Juma'a.

Ranar Talata, 4 ga Maris, 2014, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ya ga abin a wani gilashi daga akwatin Gafasa. Jajayen ƙwayoyin jini a ka'ida zagayayyu ne, sumul, kamar ƙananan faifai. Waɗannan kuwa gefensu ya yi ƙaya-ƙaya, tsakiyarsu da wasu 'yan huje masu ƙyalli, kamar gara ta taɓa su. Ya san irin wannan yakan faru idan rini ya lalace ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba, don haka bai ɗaga hankalinsa ba. Ya zubar da rinin ya haɗa sabo. Ranar Juma'a akwatin Gafasa ya zo, ga su nan. Ya sauya ruwa, ya sa na leda maimakon na famfo. Ga su nan. Ya haɗa gilasan Gafasa da na Kademi da na Gaya ya rina su a kwano ɗaya, a minti ɗaya. Na Kademi tas, na Gaya tas, na Gafasa ƙaya-ƙaya.

Ya je shagon littattafai ya sayo wani littafin daban, mai koren bango, ya rubuta a shafin farko: Ƙwayar Gafasa.

Daga ranar, kowane akwati ya zo daga Gafasa sai ya ware gilashi ɗaya, na farko a jeri, ya manna masa lamba ya adana, ya zana abin da ya gani da fensir a koren littafi. Abin bai hana shi karanta zazzaɓi ba, domin ƙayar ta fi yawa a tsakiyar gilashi, shi kuwa ya iya bin gefe. Amma ya hana shi sukuni. In dai ba daga teburinsa ba ne, to a jikin mutanen yake. Gari guda, maza da mata, yara da tsofaffi, suna yawo da wani abu a jininsu wanda ba shi a littafin da aka koya masa aiki da shi. Ya rubuta wa manyansa takarda sau huɗu. An amsa ɗaya, aka ce an samu takardarsa.

Matarsa Lauratu ta saba da zancen kamar yadda ake sabawa da ciwon gwiwa. Idan ya dawo gida ranar Talata takan ce, "Malam, ya mutanen naka? Suna nan da ƙayarsu?"

"Suna nan."

"To Allah Ya ba su lafiya. Ni dai duk ɗan Gafasan da na gani a kasuwa ya fi ka ƙiba."

Ya rubuta wannan ma, a ƙasan wani shafi: ba su da alamar ciwo a zahiri.

Shekarar ritayarsa 2025 ce, ranar 30 ga Yuni. Tun daga Janairu ya fara ƙirga Talatocin da suka rage. Abin da yake so bai wuce guda ɗaya ba: kafin ya sauka daga kujerar nan, wani wanda ya fi shi ilimi ya kalli abin da ya shekara sha ɗaya yana kalla, ya ce masa gaskiya ne, ga kuma sunansa.

Da ƙaramar salla 'yar wansa Naja'atu ta zo gida. Tana karatun digiri na biyu a jami'a, a fannin nazarin ƙwayoyin halitta. Bayan an ci abinci ya ɗauko koren littafi ya ajiye a gabanta. Ta buɗe tana murmushin ladabi, ta kai shafi na goma murmushin ya tafi, ta gyara zama.

"Baffa, gilasan suna nan?"

"Dubu ɗaya da ɗari da talatin da biyu."

"Duka?"

"Uku sun fashe. Na rubuta ranakun."

Sai ta yi masa bayani. Yanzu, in ji ta, masu bincike ba sa jiran wasiƙa. Akwai wani shafi a intanet da suka mayar kamar zaure: kowa ya yi rajista ya shiga, ya ɗora hotunan abin da ya gani, wasu manyan kwamfutoci a wata ƙasa su zagaye kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, su auna ta, su jera masu kama da juna wuri guda. Masana kuma suna zaune a zauren, suna gani, suna tambaya. Ta ce ilimin ya kai yanzu ana ɗaukar ƙwaya guda tak a karanta abin da ke cikinta, har ana ƙoƙarin haɗa taswirar duk ire-iren ƙwayoyin da ke jikin ɗan Adam.

"Da ta Gafasa a ciki?"

"Ban gani ba, Baffa."

"Na sani," in ji shi.

Rajistar ta ɗauki yini biyu. Zauren ya tambayi jami'ar da yake aiki, Malam ya ce a rubuta bayan kasuwa, Naja'atu ta sa shi a ƙarƙashin sashenta. Ya tambayi kalmar sirri, Malam ya zaɓa, ya rubuta ta a bangon koren littafi da manyan baƙi, tare da kwanan wata. Sannan zauren ya gargaɗe su cewa ba a ɗora sunan mara lafiya, lamba kawai. Wannan ya burge shi. Ya ce da alama masu wurin sun san aiki.

Suka ɗaure wayarta a bakin maikuroskof da roba da wani ɗan katako da kafinta ya fere musu. Ta koya masa ɗauka, ta koma makaranta. Sati biyar ya yi yana ɗaukar hoto bayan an tashi aiki, daga la'asar zuwa dab da magariba, na Gafasa duka, da ɗari biyu na Kademi da Gaya don kwatance. Sabis ɗin waya a ɗakin gwaji ba ya kama sai a taga ta gabas, don haka ya ɗaure wayar da zare a jikin ƙarfen tagar, hotuna suna tafiya ɗaya-ɗaya, shi yana zaune yana sa alama a littafi.

Kwamfutocin suka gama aikinsu cikin minti arba'in. Bai ji daɗin wannan ba, amma bai faɗa ba.

Naja'atu ta zo ƙarshen mako da sakamakon. Ta buɗe masa wani zane: layi mai tafiya daga 2014 zuwa 2025, yana sama, yana nuna yawan ƙwayoyi masu ƙaya. Na Kademi da Gaya suna kwance a ƙasa.

"Baffa, kwamfuta ta ga abin da ka gani. Ba idonka ba ne."

Ya cire hularsa ya sake sawa.

"Amma wata farfesa ta yi tambaya. Ta yaba da tsarinka sosai, ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya rubuta irin ruwan da ya yi rini da shi na shekara sha ɗaya ba. Sai dai ka ga nan?" Ta sa yatsa a inda layin ya faɗo ƙasa ƙwaf, ya kwanta, sannan ya sake tashi. "Daga 16 ga Yuli zuwa 3 ga Satumba, 2019. Sati bakwai babu ko ɗaya."

"Na sani. Na rubuta. Wataƙila damina."

"Ta ce sauran damina goma ba su yi haka ba. Tana tambaya, a waɗannan makonnin, wa ya shafa jinin a kan gilashi?"

Malam ya ɗauko baƙin littafi na 2019, ya kwance zaren, ya buɗe watan Yuli. Ya bi gidajen nan tara da yatsa daga hagu zuwa dama, ya dawo daga dama zuwa hagu. Babu gidan wanda ya shafa jini. Bai taɓa ja masa layi ba, domin ba abin tambaya ba ne. Kowa ya san mai shafa jini a Gafasa Yaya Baiwa ce.

Baiwa 'yar malaminsa ce na allo. Ta girme shi da shekara biyar, ita ta riƙe masa hannu ya rubuta harafin farko, kuma ta sha zane shi da izinin mahaifinta. Aure ya kai ta Gafasa, ta yi kwas ɗin aikin lafiya, aka sa ta a ɗakin shan magani a farkon 2014. Da ta yi ritaya ma mutanen gari suka roƙe ta ta ci gaba da zama, ta ci gaba. A shekara sha ɗaya Malam ya binciki rininsa da ruwansa da fitilarsa da idonsa, ya je Kano an auna masa tabarau sau biyu. Bai taɓa zuwa ya tsaya a kan Yaya Baiwa ya ga yadda take aiki ba. Ba a yin haka.

Ya dubi shekarar da ke ƙeyar littafin. Sannan ya ce, "Dubu biyu da sha tara."

"Na'am, Baffa."

"Ni na raka ta sansanin alhazai."

Lauratu, da ke tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago. "Ai har dabino ta kawo maka, ka ce yana da ƙwari."

Wani ma'aikaci mai suna Bala ne ya riƙe mata wurin har ta dawo daga Makka.

Ranar Alhamis, 29 ga Mayu, ya nemi izinin rabin yini, karo na shida a tarihin aikinsa, ya hau mashin zuwa Gafasa. Ya tafi da goro da sabulu, don kada zuwan ya yi kama da bincike. Ana ta sharar gona a hanya, wasu sun fara kai taki. Ya tarar da ita a barandar ɗakin shan magani, da tabarau a kan hanci, mata huɗu a kan benci.

"A'a, Sharfu! Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya. Gaisuwa na zo."

"Gaisuwa ranar aiki? Kai? Zauna dai, in na sallami mutane ka faɗa mini wanda ya rasu."

Ya zauna a ƙarshen benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Wata mata ta miƙa yatsa. Baiwa ta goge shi da auduga, ta soka, ta ɗiga a gilashi, ta ɗauki wani gilashin ta ja jinin sau ɗaya, siriri, ba gargada. Malam ya gyaɗa kai. Ko a Kano ba a fi haka ba. Sai ta ɗaga gilashin da jinin bai bushe ba zuwa saitin bakinta, ta runtse ido, leɓunanta suka yi motsi, ta yi masa tofi sau uku, a hankali, a tsakiya. Ta jera shi a akwati ta ce, "Mai bi."

Ya ga an yi wa na biyu, da na uku, da na huɗu. Kowanne sau uku. A darasin farko da aka yi musu a Kano, malaminsu ya rubuta a allo cewa numfashin mutum da danshi, danshi kuwa yana ɓata ɗanyen jini a kan gilashi. Ya ci wannan tambayar a jarrabawa.

Da benci ya zama ba kowa, ya ce, "Yaya, tun yaushe kike musu addu'a?"

"Su wa?"

"Gilasan."

"Tun ranar da na fara. Me ya faru?"

"Ba a kan mara lafiyar ake yi ba?"

Ta dube shi ta saman tabarau kamar ya manta karatun jiya. "Shi mara lafiya gida zai koma, ga shi ga iyalinsa. Jinin nan ne zai hau mashin ya bi hanyar nan har Gaya, ya faɗa hannun wanda ban ga abin da yake yi ba. Malam mahaifina bai taɓa barin wani abu na mara lafiya ya fita daga hannunsa ba addu'a ba, ni ce zan fara?"

"Hannuna yake faɗawa, Yaya."

"Shi ya sa nake yi sau uku."

Ya miƙa mata yatsansa. Ya roƙe ta ta yi gilashi biyu da jininsa, ɗaya ta yi masa yadda ta saba, ɗaya ta bar shi haka nan.

"Ka taso tun daga Gaya don in hana ka addu'a?"

"Rabi kawai."

Ta yi, tana mita. Ya sa wa ɗaya lamba 1, ɗaya lamba 2, ya naɗe su a hankici.

Ƙarfe biyu da kwata yana kan kujerarsa. Lamba 2 tas, faifai sumul. Ya sa lamba 1. Ga su nan, ƙaya-ƙaya, da hujensu masu ƙyalli, kyawawa kamar na ranar farko, a jinin mutumin da ba shi da ko kaka a Gafasa. Ya ɗauki fensir ya zana su a koren littafi kamar kullum, don ba a barin shafi rabi.

Da yamma Lauratu ta ajiye masa tuwo, ya zauna yana kallonsa.

"Malam, lafiya?"

"Mutanen Gafasa lafiyarsu ƙalau. Ba abin da ke jininsu."

"Alhamdu lillahi! Ba shi kake roƙo ba shekara da shekaru?"

"Shi ne."

"To ci tuwonka."

Ya ci rabi.

Naja'atu ta kira washegari. Da ta ji, ta ce ba dole ne ya amsa wa farfesar ba. Ana iya sauke hotunan daga zauren, a ce an janye, ba wanda zai bi ba'asi, kuma a walimar ritayarsa ba mai tambaya.

"An yi tambaya a rubuce," in ji shi. "A rubuce za a amsa."

Ya rubuta amsar da Hausa a takarda, layi takwas, ta mayar masa Turanci. Ya ce babu ƙwayar Gafasa. Ya ce danshin numfashi ne, ya faɗi dalilin numfashin ba tare da ya rage wa mai yinsa daraja ba, ya ce aikin hannunta ba shi da aibi. Ya ce kuskuren nasa ne, littafinsa gida tara ne, ya kamata ya zama goma. Ya ɗora hoton lamba 1 da lamba 2.

Sai da ya sake komawa Gafasa, wannan karon ba goro. Ya yi wa Baiwa bayani a tsaye, yana kallon ƙasa. Ta saurara har ƙarshe.

"Wato shekara sha ɗaya numfashina kake zanawa?"

"Eh, Yaya."

"Ka ajiye?"

"Dubu ɗaya da ɗari da ashirin da tara."

"Allah Ya shirye ka, Sharfu. Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka tun a makon farko." Ta ce addu'a kam ba za ta daina ba. Ya ce bai isa ya ce ta daina ba, roƙonsa dai ta bari jini ya bushe, ta rufe akwatin, sannan ta yi a kan murfin. Ta ɗaga akwatin ta juya shi, ta ƙwanƙwasa katakon da farce.

"Yana da kauri."

"Ke kika fi ni sani, Yaya."

Ta yi ɗan tunani. "Za ta shiga."

Akwatin Talata mai zuwa ya iso Gaya tas.

Farfesar ta amsa bayan kwana shida. Ta nemi izinin a bar hotunan a zauren, domin kwamfutoci suna yawan ɗaukar gilashin da danshi ya ɓata a matsayin cuta, kuma ba su da isassun misalai da za a koya musu bambancin. Ta ce ba ta san wani tari mai yawa da tsari irin wannan ba. Za a ajiye shi a sashen gurɓatattun gilasai, da sunan mai shi a sama.

Malam ya ce a sa sunan Baiwa a farko, tunda ita ta yi su, shi ajiyewa kawai ya yi. Haka aka sa. Naja'atu ta buga masa shafin a takarda, Lauratu ta tambayi ma'anar kanun da ke saman sunan nasa, aka faɗa mata, ta ce to ai dai an rubuta sunan daidai.

Ranar Litinin, 23 ga Yuni, saura mako guda ya sauka, ya buɗe baƙin littafi a sabon shafi. Ya ɗauki rula, ya matse gidan sakamako kaɗan, ya ja layi ɗaya daga sama har ƙasa. A kan sabon gidan ya rubuta: Wa ya shafa. Ya ja wa sauran shafukan littafin duka, tamanin da huɗu, saboda wanda zai gaji kujerar. Sannan ya jawo akwatin Kademi ya buɗe.